Yatsan Likita

Likita ake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin likitanci ba. Farar riga kawai ya saya, yake sawa a shagonsa na mayukan shafawa.

Ran nan matarsa tana zaune kan bencin shagon, 'yarsu Mami mai shekara biyu a cinyarta, sai ga wata tela ta shigo da goyo. Ta kwance yaron, ta nuna ƙurajen zafi da suka feso masa a wuya.

Likita ya sauko da wata kwalba mai jan murfi, man ƙurajen fuska na manya, irin mai ɗaye fata.

"Wannan ko jariri ba ya yi wa komai," in ji shi.

Matarsa ta ɗago kai. Irin kwalbar nan ce ya ɗora can saman durowa a gida, ya ce duk ranar da ta taɓa jikin 'yarsa sai ran kowa ya ɓaci.

Tela ta juya kwalbar. "To wannan hoton yaron da aka ja wa jan layi a jikinta fa?"

"Tsoron masu kamfani ne kawai, baiwar Allah. Ni nake gaya miki."

"Ga taka 'yar ma da ƙurajen. Shafa mata in gani."

Matarsa ta ɗaga haɓar yarinyar a hankali, ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Bismillah, Baban Mami. Ai kai ne likita."

Ta ɗauka zai ji kunya ya mayar da kwalbar. Ashe kunyar da yake tsoro daban ce. Ya buɗe murfin kwalbar a hannun tela, ya lakato da yatsa, ya goga a wuyan 'yarsa, har da murmushi. Yarinyar ta ƙyalƙyale, ta zaci wasa ne.

Uwar ta fizge ta, ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan gora, ta shiga dirzawa.

"Kai da bakinka ka ce yana ƙona fatar yara!"

Tela ta ajiye kwalbar a kan teburin shagon, ta mayar da goyonta, ta ɗaure zani tam.

"Da ƙi ka yi, da na ce maƙaryaci ne kawai," ta ce. "Allah ya raba ɗana da hannunka."

Ta fita. Matarsa ma ta saɓa yarinyar ta bi bayanta. Suka bar shi cikin farar rigarsa, yana neman abin da zai goge yatsansa.