Asalin Allurar Malam Siddiƙu

Wasila ta riga ta zuƙi maganin a sirinji lokacin da mahaifinta ya ja babbar rigarsa ya rufe cikinsa.

"Mai da abinki, ɗiyata. Ba ni sa ma jikina abin da ban san asalinai ba."

Duk Ƙofar Taramniya an san halin Malam Siddiƙu. Ko littafi aka kawo masa, sai ya ji wanda ya rubuta da wanda ya karantar kafin ya buɗe. Ga shi ciwon suga ya fara cin idonsa, har baƙaƙe na rikice masa. Likita ya ce ƙwayoyi sun daina yi, in ba allura ba, shi da karatu sai tarihi. Yayyen Wasila maza sun yi lallashi har sun gaji. Ita kam ko ɗar ba ta ji ba. Ta san tsohonta, kuma ba a banza ta yi karatun jinya ba.

Ta ajiye sirinjin, ta tanƙwashe ƙafa a kan tabarma.

"Baba, sunanai insulin. Daga Latin anka samo shi, harshen Rumawa na da. Su ka ce ma tsibiri insula."

"Mi ya haɗa ni da tsibiri, ni da ko gulbin Rima sai bisa gada?"

"Cikin cikinka tsibiran suke. Akwai wani nama bayan tumbi, masana sunka duba sunka ga 'yan ƙulle-ƙulle warwatse awa tsibirai. Nan ruwanga ka hitowa. Shi da danginai ana ce musu homon, daga harshen Yunanawa, wato mai zaburarwa. Shi ka zaburar da jiki shi kwashe suga daga jini. Tsibiranka sun gaji, shi ya sa anka yi irinai."

Malam ya shafa gemu. Yunanawa dai ya san su, ya sha gamuwa da likitocinsu a littattafan ɗibbu, wato na ilimin magani.

"Ga wa kik karanta wanga?"

"Ga Malama Hadiza, ita kuma ga malaminta na Zariya."

"Ashe ɗan gida na, ba baƙo ba."

Ya ɗage rigar, ya kau da kai, ya runtse ido gam. Sai a lokacin Wasila ta gane. Ashe duk tambayar asalin nan, tsini tsoho ke tsoro! Dariya ta taso mata, tausayi ya danne ta. Ta goge wurin da auduga.

"Wasila," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ci gaba da zancen Yunanawan nan. Kada ki yi shiru sai kin gama."