Bencin Baya

"Saratu, Baba Dodo na kiranki," in ji Fasto Makau daga bakin zana. "Ba shi kai Lahadi."

Ban ajiye taɓaryar ba. Na ce, "Shi kira Mai Sama, shi ad da gahwara."

Shekara shida ke nan da Dodo, dattijon majami'armu a Gummi kuma maƙwabcina katanga ɗaya, ya tashi gaban jama'a ya rantse ya ga namiji na fita ɗakina, mijina bai shekara a ƙasa ba. Laifina ɗaya, ya neme ni na kore shi. Aka sa ni horo: bencin baya, ba jibin Ubangiji, sai ranar da na tuba. In tuba da me? Nan na zauna, ina kallon ƙeyarsa yana jan waƙa.

Na dai je, don in ga yadda ciwo ya mai da shi. Ɗakin na warin man zafi. Ya rame kamar karan dawa, Littafi Mai Tsarki a ƙirjinsa. Ban ji tausayi ko kaɗan ba.

"Ƙarya niy yi miki," ya ce.

"Ni kaka hwaɗa ma? Ai na sani."

"Ki yahe mani, ɗiyata. Tsoro nika ji in gamu da Yesu da abin ga bisa kaina."

Fasto ya sa baki a hankali, wai ko ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji ya sami jinƙai a sa'arsa ta ƙarshe.

Na ce, "Ɓarawon nan gaban jama'a yat tuba, Fasto, ba cikin ɗaki ba." Na fice abina.

Washegari Juma'a da hantsi na ji hayaniya. Na leƙa ta zana. Dodo ya sa an fito da shi ƙofar gida, an jingina shi da bango a kan tabarma. Duk wanda ya gifta sai ya ɗaga hannu.

"Ku ji! Saratu ba ta yi ba. Ni Dodo niy yi ƙarya!"

Ya faɗa wa mai gyaran babur. Ya faɗa wa wata Bafulatana mai nono da ba ta ma san ni ba, ta ce "Allah shi kyauta" ta wuce. Masu zuwa masallaci suka tsaya suna kallo, matan zumuntar majami'armu suka taru suna sunkuyar da kai, su da suka daina sayen ƙosaina. Malam Gwadabe, maƙwabcinmu, ya ce a mai da shi inuwa. Ya ƙi.

Ni kuwa ina tsaye, ina cewa a raina: ƙara faɗa. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Na bar shi cikin ranar nan har bayan azahar, har muryar ta dushe ta koma kamar ana goga tukunya.

Sai da na daina jin sa na ɗebo ruwa a randa da moɗa na fita. Matan suka buɗe mini hanya. Na durƙusa, na ce, "To ya isa, Baba. Na yahe. Sha ruwa."

Fasto da ke gefensa ya riƙe mini hannu, ya girgiza kai.

Bakin Dodo a buɗe yake, kamar da sauran magana, amma ba numfashi. Na rasa inda zan ajiye moɗar, na zauna da ita a cinyata.