Maman Auta Ta Kama Sitiyari

Tun da Auta ta tafi jami'a gidan ya yi wa Maman Auta faɗi. Manyan yaran sun riga sun kama gabansu, sai ita da maigidan suka rage. Ita tela ce, shagonta shi ne ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Shi kuma direban motar ma'aikata ne a wani kamfanin sabulu, hanya ɗaya yake bi safe da yamma, har yakan ce ko idonsa a rufe ya san inda kowane rami yake.

Ba faɗa suke yi ba. Idan ya dawo ta ce sannu da zuwa, ya ce yauwa. Ta ce ya aiki, ya ce da godiya. Ta ajiye abinci, ya kunna rediyo, shi ke nan hira ta ƙare sai ta gobe.

Wata rana matar mai kanti, maƙwabciyarsu, ta zo gwajin riga. Tana juyi a gaban madubi ta ce, "Maman Auta, ashe kin iya gyaran miji! Kin sa an aske gashin bakin nan, mutum ya koma saurayi."

Maman Auta ta yi dariyar yaƙe, bakinta cike da allurai. Matar na fita ta shiga falo ta tsaya a kansa tana kallo. Leɓensa na sama fayau.

"Baban Auta, yaushe ka yi aski?"

"Ai an kwana biyu," ya ce, bai ɗago ba.

Kunya ta kama ta, sai kuma wani abu ya faɗo mata. "To kar ka waiwaya. Labulen da ke bayanka wane launi ne?"

"Kore mana."

"Koren tuni ya zama tsumman goge keke."

Ya waiwaya ya ga labule ruwan ƙasa, ya yi dariya ya koma wa rediyonsa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta koma shago ta zauna, ba ta taka keken ba. Idan haka za su ƙarasa sauran kwanansu, mutum biyu a gida ɗaya babu mai kallon wani, to ita ba ta yarda ba.

A tsakar gida akwai tsohuwar motarsa a ƙarƙashin tamfol, ba a fitar da ita sai ta kama dole. Ranar hutunsa ta yaye tamfol ɗin, ta wanke motar tas, ta kawo masa makulli tare da shayinsa.

"Mota za ka koya mini."

Ya dube ta sosai, kallon da ya daɗe bai yi mata ba. "Da jikoki? Ina za ki?"

"Inda mota take zuwa."

"Ai ga ni, duk inda kike so in kai ki."

"Ka kai ni ina? Rabon da ka kai ni wani wuri tun Auta tana goye. Tashi, shayin zai jira."

Filin ƙwallon wata makaranta suka je. Ya nuna mata kuloci da birki da totur, ya ce a hankali ake sakin na hagu. Ta saki gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu. Da ta samu ta tashi kuma, ƙafarta ta riƙa danna totur tana saki, tana danna tana saki, motar na tafiya kamar mai shaƙuwa.

"Ke! Wannan ba keken ɗinki ba ne!"

"To kar ka yi mini tsawa, ni ba yaron motarka ba ce."

"Birki! Birki na ce! Na tsakiya!"

"Ai su uku ne, kuma duk kamarsu ɗaya!"

Suka koma gida kowa fuska a murtuke. Amma tana zuba masa abinci ta lura da wani abu: bai kunna rediyo ba. Cokali ya ɗauka da faranti yana nuna mata yadda kuloci ke kama inji, ita kuma tana musu. Sun fi awa suna gardama.

Haka suka yi ta zuwa filin duk ranar hutu, har ranar da za ta koyi ribas. Ya fita ya tsaya a baya yana yi mata alama da hannu. Ya ce ta karya hagu, ta karya nata hagun ba nasa ba, sai ji kake ƙaram! Ta daki ƙarfen raga, fitilar baya ta tarwatse.

Ya durƙusa yana tsince gilasan ɗaya bayan ɗaya. "Tun da na fara tuƙi ban taɓa fasa ko madubi ba," ya ce a hankali. "An gama. Tuƙi ba naki ba ne." Suna isa gida ya mayar da tamfol, ya jefa makullin a aljihu.

Abin ya yi mata ciwo, har ta yi 'yar ƙwalla a shago inda babu mai gani. Washegari ta yafa mayafi ta tafi makarantar koyon tuƙi da ke bayan kasuwa ta ba da sunanta. Malamin wani siriri ne mai yawan danna waya, kuma a wannan filin dai yake koyarwa. Ba ta ɓoye wa maigidan ba.

"Ki je mana," ya ce. "Su ma su ɗanɗana."

Ta je, ta sake zuwa. Ran nan tana zagaya filin sai ta hango mutum a gindin bishiya, hannu a baya, yana leƙe. Ta yi kamar ba ta gan shi ba. Da ta tsaya, sai ga shi a tagar malamin.

"Samari, haka ake koyarwa? Tana canja giya idonta a ƙasa, kai kuma idonka a waya?"

"Baba, kai ne wa?"

"Ni ne mai matar. Hajiya, fito mu tafi. Ba za a lalata miki hannu ina kallo ba."

Ba ta motsa ba. "Da sharaɗi. Babu tsawa. Idan na yi daidai kuma ka faɗa da bakinka."

Ya sosa ƙeya. "Tsawar dai zan rage."

"Ka daina."

"To na ji."

Bai daina gaba ɗaya ba, amma yakan cije leɓe ya kama kujera. Da hannunta ya fara faɗawa, suka bar filin suka koma wata hanya marar cunkoso a bayan gari. A nan, idonta a kan titi, shi kuma babu rediyon da zai fake da shi, magana ta riƙa fitowa da kanta. Ya gaya mata kamfanin zai sallame shi ya tafi hutun tsufa baɗi, kuma abin yana hana shi sukuni, don bai san me zai yi da kansa a gida ba.

"Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ba ki tambaya ba."

"Na tambaya kullum. Ka ce da godiya."

Ya nuna gaba ya ce, "Sa sigina, za mu karya dama."

Ita ma ta gaya masa ɗinkin ya fara gundurarta, riga ɗaya ce take ta maimaitawa a jikin mata daban-daban. Ta ce tana so ta ga ruwa mai faɗi da idonta, ba a talabijin ba. Ya ce akwai wani tafki da yake hangowa daga kan gada idan an aike shi wajen gari, amma bai taɓa tsayawa ba.

Ba ta ci jarrabawar lasisi a karon farko ba, motar ta mutu mata a kan tudu. Shi ya fi ta jin haushi, yana ta faɗa wai mai jarrabawar ne ya tsorata ta. Ta ce a'a, ita ce ta yi garaje. Ta sa shi ya nemo mata tudu mafi tsayi a unguwar, ta yi ta hawa tana tsayawa tana tashi har ƙafarta ta yi tsami. Karo na biyu ta ci.

Ranar da za su tafkin ita ta ja. A babban shataletalen tsakiyar gari motar ta mutu, masu motoci suka cika wurin da hon. Wani mai tasi ya leƙo ya ce, "Baba, karɓi motar mana, ka bar Mama tana ɓata mana lokaci!"

Baban Auta ya kai hannu ga ƙofa kamar zai fita ya zagayo. Ta ce, "Zauna."

Ya zauna. Ya sauke gilashi ya ce wa mai tasin, "Ka yi haƙuri, ɗana. Kai ma ba da sitiyari aka haife ka ba."

Ta murɗa makulli, ta saki kuloci sannu a hankali, motar ta ɗauka lafiya lau. Ta zagaya ta fita ta hanyar gada.

"Wannan kin yi daidai," ya ce, yana kallon gaba.

"Ban ji ba, hon ya yi yawa."

"Na ce kin yi daidai!"

Tafkin bai kai faɗin da take zato ba, bakinsa kuma duk laka, har takalmin Baban Auta ɗaya ya maƙale sai da ta riƙe shi ya zaro. Suka zauna a kan bayan motar suna kallon masunta suna jan raga. Auta ta kira waya, da ta ji inda suke da wanda ya tuƙa, ta yi ta ihu har sai da uwar ta janye wayar daga kunne.

Da rana ta yi sanyi ya miƙa hannu. "Kawo makullin, kin gaji."

"Wa ya ce maka? Shiga. Kuma ba ta hanyar da muka zo za mu koma ba."

"Waccan ban san ta ba fa."

"Sai mu tambaya," ta ce, ta tayar da mota.