Jar Wayar In Ekker

Tahiru maƙeri ne, mutumin Damagaram, shekararsa goma sha ɗaya a unguwar Gataa El Oued, a wani gari cikin hamada, can ƙasar Larabawa. Ranar da Sa'idu direba ya kawo mota a liƙe masa salansa, wato bututun hayaƙi, rediyo na zancen ƙasashen da ke barazana da bam ɗin nukiliya. Nan gardama ta tashi.

"Ƙasar da ba ta da shi, raina ta ake yi," in ji Tahiru daga ƙarƙashin mota. "Gara gari ɗaya ya mutu yaƙi ya ƙare, sauran su tsira."

"Matan garin da jariransu fa?" Sa'idu ya tambaya. "Su suka ja yaƙin?"

"Yaƙi ba ya zaɓe, Sa'idu."

Fasinjar Sa'idu, Khalida, malamar jami'a ce daga arewacin ƙasar, ba ta jin Hausa. In Ekker za ta, inda Faransa ta gwada bam cikin dutse shekaru sittin da suka wuce. Tana zaune a inuwa tana duba na'urarta mai auna gubar nukiliya, sai na'urar ta fara ƙas-ƙas. Ta miƙe, ta bi ƙarar har kusurwar maƙera, inda wata jar waya ta jan ƙarfe take jibge.

Ta yi magana da Larabci, da sauri. Sa'idu ya fassara: "Wai ina ka samo wannan?"

"In Ekker. Bara waccan muka tono ta cikin yashi. Ba ta da mai ita."

"Me ka yi da ita?"

"Awarwaro. Zobba."

Sa'idu ya saurari matar, fuskarsa ta sauya. "Ta ce wayar na ɗauke da gubar bam ɗin."

Tahiru ya fito daga ƙarƙashin motar. "Ai tun ban zo duniya ba aka daina gwajin nan."

"Ta ce gubar ba ta ƙarewa a zamanin mutum ɗaya."

Daidai nan Laure, matarsa, ta shigo da kwanon abinci, cikinta wata bakwai, awarwaro huɗu a hannunta. Khalida ta nemi izini, ta kai na'urar kusa. Ƙarar ta dawo.

"Malam, lafiya?" in ji Laure.

Tahiru ya kama hannunta zai cire awarwaron. Hannun ya kumbura saboda cikin, awarwaron suka ƙi fita, sai da almakashin ƙarfe ya datse su ɗaya bayan ɗaya.

Khalida ta fasa tafiya, ta raka su asibiti. Likita ya ce jariri na motsi lafiya, sauran kuma ba zai iya cewa komai ba tukuna.

Washegari Tahiru ya ɗauki buhu ya bi unguwa gida-gida yana karɓo awarwaro da zobban da ya sayar. Ya samo goma sha tara. Wata mata ta ce nata ta aika wa 'yarta Maradi. Wata ta rufe masa ƙofa, ta ɗauka tsada suka yi, shi ya sa yake son karɓe su. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya sake yin sallama.