Rumfa Ɗaya, Suna Ɗaya

Dutsen farko ya fasa gilashin tagar ofishin kasuwa, na biyu ya sauka a kan injin buga kati ya tarwatsa shi. Injiniya ya durƙusa bayan tebur, ya rungume kwamfutarsa a ƙirji. Shi fa ba injiniyan komai ba ne, manhaja yake rubutawa, amma tun da ya taɓa gyara wa maigadi waya sunan ya bi shi. Manaja kuwa, mai bugun ƙirjin cewa babu ɗan kasuwar da ya isa ya razana shi, tuni ya sulale ta ƙofar baya, ya bar takalmi ƙafa ɗaya a kan matakala.

Kasuwar sabuwa ce, da safen nan aka buɗe ta, an yi mata ƙofar ƙarfe da ba ta barin kowa wucewa sai da kati. Injiniya ne ya tsara rumbun bayanan da aka buga katunan daga cikinsa. Tebur guda ya yi a kwamfuta: kowane layi rumfa ɗaya, da gurbin suna ɗaya, lambar rumfa kuma ba ta maimaituwa. A kan allo abin gwanin sha'awa. Abin haushin shi ne ya fi kowa sanin rumfa ɗaya takan ci mutum biyu har uku, don a cikin irinta ya yi rarrafe, tsakanin yadukan Umma da na Gwaggo, yayar mahaifinsa, waɗanda suke zaune wuri ɗaya tun rasuwar uban. Ya ma taɓa ce wa Manaja a raba abin, rumfuna daban, mutane daban, da tebur na uku mai haɗa su. Manaja ya ce babu lokaci, shi kuma bai ja ba, don a ransa tsarin farkon ya fi masa kyau.

Da aka zo zuba sunaye, sai ya tura dubban layuka a umarni guda. Kwamfuta ta ƙi, ta ce lambobi suna maimaituwa. Ya ƙara 'yar kalmar nan da ke cewa duk layin da ya maimaitu a tsallake shi ba tare da surutu ba. Kafin ƙiftawar ido komai ya shige, Manaja har da dafa masa kafaɗa. Wanda sunansa ya riga zuwa ya zama mai rumfa, abokin zamansa ya ɓace. Sauri ya haifi nawa. Umma ce ta riga Gwaggo, kuma tun safe wayarsa take rawa a aljihu da kiran Gwaggo, ya kasa ɗauka.

Ƙofar ofishin ta tsage daga wajen sakata. Wani mahauci ne ya fara shigowa, ƙato, gaban rigarsa jage-jage da jini, kuma kowa a wurin ya san ba na saniya ba ne. Shi da ƙaninsa suke teburin nama ɗaya. Da katin ya fito da sunan ƙanin shi kaɗai, bai tsaya tambaya ba, ya sauke masa bayan jauga, wuƙar saran ƙashi, a ka, aka kwashe shi zuwa asibiti. Sai daga baya wani ya ce ai aikin yaron kwamfuta ne.

Ya finciko Injiniya ta wuyan riga ya maka shi da bango. Mari ya zo daga dama, wani ya sa masa gwiwa a ciki, wata mai sayar da roba ta dinga kwaɗa masa bokiti a baya tana zagin duk wanda ya koya masa boko. Ya faɗi, ya kai hannu ya kare kwamfutar, ƙafar mahaucin ta sauka a kan yatsunsa. Ya ji ƙarar karyewarsu kafin ya ji zafin. Cikin kuka da majina ya riƙa faɗin cewa sunayen suna nan, bai goge kowa ba, in aka fasa kwamfutar ne kowa ya rasa.

Mahaucin ya ɗaga hannu, aka dakata. Ya sunkuyo har Injiniya yana jin ƙarnin jikinsa.

"Kana nufin ƙanina bai ci amanata ba?"

"Bai san komai ba, wallahi. Sunansa ne kawai ya riga naka."

Mutumin ya dubi gaban rigarsa. Sannan ya dunƙule hannu ya nausa wa Injiniya a baki, naushin da ya fi duk na baya, don wannan amsar ta fi masa ciwo a kan wadda ya zo da ita.

Suka ɗora shi a kujera, suka tsaya a kansa. Da hannun hagu ya yi aikin, yana tofar da jini a kwandon shara, yana laluben haruffa da yatsa ɗaya kamar ɗan koyo. Ya gina teburin da ya kamata ya gina tun farko, wanda ke barin rumfa ta ɗauki mutum ko nawa ne. Wani mai takalma ya ce a fara sa nasa, wani ya ture shi, saura kaɗan su kaure. Injiniya ya ce babu na farko, babu na ƙarshe, ko duk su shiga tare ko babu wanda zai shiga, in layi ɗaya ya ƙi sai komai ya dawo baya a gani. Ya cire kalmar tsallakewar, ya danna. Abin ya ɗan yi tunani, sannan ya nuna duk sun shiga. Kowa ya dinga miƙo wuya a karanta masa nasa. Shi lambar rumfar yadi ya nema, ya ga Umma, ya ga Gwaggo a ƙarƙashinta, sai a lokacin hawayen daɗi suka zo masa.

Da ya fito, 'yan sanda sun iso, hayaƙi mai sa hawaye ya cika bakin ƙofar kasuwa, an banƙare ta kowa yana shiga. Ya ratsa ta kan tumatir da aka tattake da teburan da aka kifar. Wani tela yana zaune a ƙasa riƙe da kunnensa, abokin aikinsa yana tsaye a gefe da almakashi, ya rasa inda zai sa idonsa. Mahaucin ya wuce Injiniya da gudu wajen masu babur zai tafi asibiti, bai ko waiwayo ba.

Daga nesa ya hango Umma a layin yadi. Babu abin da ya taɓa ta. Ta jera kayanta tsaf, har a kantocin hagu, ɓangaren Gwaggo. Ya tsaya, sannan ya juya ya bi bayan katanga.

Can ya sami Gwaggo, tana ɗaure dilolinta a kan baro. Ya durƙusa ya gaya mata cewa an gyara, sunanta ya dawo, laifinsa ne shi kaɗai. Sai ta ga hannun. Ta yi salati, ta yage gefen wani yadi mai tsada, ta haɗa yatsun da guntun kwali ta ɗaure, tana masa faɗan da take masa tun yana ƙarami, wai shi kullum sai ya sa hannu inda ba a aike shi ba. Ya tambaye ta ko wani ya doke ta a turmutsutsin.

"Babu wanda ya taɓa ni, ɗan nan," ta ce. "Uwarka ta wuce da katinta, ƙofa ta rufe a gabana. Na kira ta ta tsakanin ƙarafa. Ta waiwayo, ta dube ni sosai, ta ce, to Yaya, ai hukuma ce ta rubuta."

Ya buɗe baki zai ce tsoro ne, ruɗewa ce, sai ya tuna kantocin hagu. Kunya ta rufe shi, ta uwarsa da tasa.

Gwaggo ta ƙulle ɗaurin da haƙori, ta yi wa mai baro alama ya tura.

"Ka je asibiti su duba hannun nan. In ka samu sauƙi ka cire sunana. Layi ɗaya ne, ba zai ba ka wahala ba."

Baron ya kama hanya yana ƙara, tana biye da shi da hannu ɗaya a kan kayan. Daga cikin katanga muryar Umma tana tashi, tana rantse wa wata mai ciniki cewa yadin ba ya zuba.