Rabon Ƙudan Zuma

Amya arba'in mahaifinsu ya bari a gindin dutse cikin Wadi Do'an, kuma shekara goma sha tara ke nan Salmin bai yarda an raba su ba. Shi ke kiwonsu. Ƙanensa Karama yana Jidda yana tsaron kanti, duk kaka a aika masa da rabonsa cikin gwangwanaye, ba a taɓa jin kansu ba.

Bana magarya na gama fure sai ga Karama ya diro da kansa, da wani ɗan kasuwa daga Mukalla, da buhun sukari shida a bayan mota. Tun kafin gahawa ta huce ya fara. Wai a Jidda zumar Do'an har rububinta ake yi, amma Yaya sai ya buɗe amya ta baya, ya yanki saƙa uku, ya liƙe da taɓo ya bar wa ƙwari sauran. Wai kowa yanzu kwashewa yake yi ƙarƙaf, ya ba su ruwan sukari su sha har wata kakar. Da kuɗin sai a ƙara amya ɗari, a sayi mota, a ɗora bene.

Salmin ya tsani a kira ƙudansa da kalmar nan ta ƙwari. Ya ce shi dai bai taɓa kwana da yunwa ba, 'ya'yansa mata uku, Nur da ƙannenta, duk ya aurar, rufin ɗakinsa ba ya yoyo, to benen na ajiye me ne? Ɗan kasuwar ya yi dariya ya ce tsoho ba ya son ci gaba.

"Wanda ya yi aikin shi ke fara ci," in ji Salmin. "Su suka yi, ba ni ba, balle kai da ka zo jiya."

Nan Karama ya fito da abin da ya ƙunso. Ko a kwashe duka, ko a raba gado yau, ya ɗauki ashirin ɗinsa.

Wallahi abin ya soki Salmin. Ya san idan amyar nan ta rabu, shi da ɗan'uwansa sai dai gaisuwar Idi a waya. Kalma ɗaya zai faɗa a zauna lafiya. Ya dubi buhunan sukarin nan, ya ji ransa ya ƙi.

"Zaɓi naka."

Karama ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa, ya tsince masu nauyin tas. Salmin ya zuba ido har ya ga sun fara liƙe bakinsu suna lodi da rana tsaka. Ya ce su dakata rana ta faɗi, rabin ƙudan suna can kiwo, ba a ɗaukar amya sai kowa ya dawo gida. Jidda ta mantar da Karama abin da ya sani tun yana goye. Ya ɗauka dabara ce ta jan lokaci har dattawa su zo sulhu. Ya ce ya gode, mota ta tashi, ko sallama babu.

La'asar na yi ƙudan da suka fita kiwo suka fara dawowa. Dubbai, ciki cike, suna kewaya duwatsun da amyarsu take a kai, su sauka su tashi, ba ƙofa. Salmin ya tsaya cikinsu hawaye na bin gemunsa, yana ta zagin ƙanensa da sunan da uwarsu ke kiransa da shi. Da sannu suka fara kutsawa cikin ashirin ɗin da suka rage, ƙudan da ke gadin ƙofa suka bar su saboda sun zo da guzuri.

Matarsa Shifa ta fito da wuƙa da faranti, don yau ne ranar yankan saƙa. Ta tambaye shi uku-ukun ne kamar kullum.

Ya ɓalle taɓon amya ta farko, ya leƙa, ya ga yadda baƙi suka cika ta maƙil. Ya yanki saƙa ɗaya ya mayar da murfi.

"Ɗaya, Abu Nur? Mu ci me har baɗi?"

"Shinkafa da busasshen kifi, kamar yadda muka ci jiya. Ki kwaɓo mini taɓo, masu ci sun ƙaru a gidan."