Mutum Hamsin na Jirgin Juma'a

Ina cikin jera chipa, burodin rogon da nake sayarwa, a kwando na ji takun ƙafafu a layinmu, ba irin na fareti ba, a hargitse. Na leƙa ta saman katanga. Kurata huɗu ne riƙe da bargo, kowa da kusurwarsa, ƙafafun maƙwabcina Saje Telésforo na reto a waje.

"Ya mutu ne?" na ce.

"Ki dai yi haƙuri, Ña Eulogia," aka amsa daga cikin bargon. "In na mutu ke zan fara aiko wa, kafin Fadan coci ya ji."

A filin atisaye ya faɗi, yana tsakiyar zagin wani kurtu. Likitan bariki ya ce ƙirjin ne, tsohon raunin da ya dawo da shi daga fagen yaƙi a dajin Chako, a kai shi gida kawai. Gidan kuwa ba kowa sai yayarsa Ña Petrona, wadda ko an harba igwa a kunnenta sai ta ce wa ke ƙwanƙwasa ƙofa. Don haka na ajiye kwando na bi su. Mutane za su ce gulma ta kai ni. To, har da ita.

Ranar Litinin ce, a shekara ta biyu ta yaƙinmu da Bolibiya. Barikin da ke ƙarshen layinmu ba ya yaƙi. Sojoji suna ce masa bataliyar ajiya. Ana kawo maza daga ƙauyuka a amalanken shanu, a aske su, a koya musu bindiga mako shida, sannan jirgin ruwa ya zo ya kwashi hamsin ya haura da su arewa, su cike gurbin waɗanda suka faɗi. Wanda ya ji rauni ya warke, nan ake maido shi ya jira wani jirgin. Laftanan ne ke sa hannu a takarda, amma kowa ya san Saje Telésforo ke zaɓen hamsin ɗin.

A wannan karon cikin kuratan har da ɗana Anacleto, mai amalanke, shekararsa talatin da bakwai, 'ya'yansa biyar. Matasa sun ƙare, an fara kiran manya. Jirgi kuma ranar Juma'a.

Washegari na kai wa Saje romon kaza. Yana kwance a ragar lilo da aka ɗaura a barandarsa, ya rame dare ɗaya kamar an zare masa wani abu.

"Kaza?" ya ce. "Shekara ashirin muna katanga ɗaya ko ƙwai ban taɓa gani ba. Me kike so?"

"Ladan Allah."

"Sunan ladan Anacleto."

"Saje Tele, 'ya'ya biyar. Ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba."

"Ba ni ke zaɓe ba, gora ce."

Ya sha romon tas, har da tsotsar ƙashi, mara kunya.

Maganar gora kuwa ga yadda take. Saje yana cewa a Chako ƙishirwa ta fi harsashi kisa, ya ga mutane sun tsotsi maɓallin riga, ya ga mai lasar ƙarfen mota. Saboda haka Larabar da ke kafin jirgi, kowane kurtu zai cika gorarsa a durom ɗin bariki da sassafe, a fita da su cikin rana da kaya a baya har la'asar. Murfi uku aka yarda mutum ya sha, ba ƙari. Da yamma Saje ya karɓi gora ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shanye bai nuna ba, zai ƙara mako uku yana kwasar bayan gida, 'yan mata na yi masa dariya ranar Lahadi. In kuma waɗanda suka ci sun haura hamsin, sai Saje ya cire masu yawan 'ya'ya. Irin waɗannan akan ba su kicin ko amalanken bariki, wani lokaci a manta da su wata da watanni.

Kurata sittin da biyu ne. Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan ai ko kaza ta gane. In kowa ya ci, sha biyu za su rage, kuma a cikinsu ba wanda ya kai Anacleto 'ya'ya sai wani mai bakwai.

Na san inda ake ba su hutun azahar, gindin mangwarorin bayan bariki, wurin da shingen waya ya raba da gonar rogo. Can nake sayar musu da chipa, su kuma su ba ni labarin wanda ke zuwa wurin matar mai kanti. Ranar Laraba na ɗauki tuluna mai sanyi, wanda nake jefa wa ganyen na'ana'a saboda terere, shayinmu mai sanyi, na rufe shi da zane na tsuguna bayan wata bishiya.

Sun iso leɓe a bushe, wasu ko tofar da yawu ba sa iyawa. Kofur ɗin da ke tsaronsu ya kwanta ya rufe fuska da hula.

"Kai, ɗan nan," na ce wa na kusa da shinge. "Sha abinka. Zan cika maka."

"Ña, Saje fa?"

"Saje na can yana gardama da mutuwa. Sha."

Ya kafa kai ya shanye, ya miƙo gorar ta ƙarƙashin waya. Na cika ta har wuya. Na kusa da shi ya gani, ya taɓa na kusa da shi. Na yi wa goma sha ɗaya kafin tulun ya ƙare.

Anacleto ya taso ya tsaya a kaina.

"Mama, me kike yi?"

"Aikin da ubanka zai yi da yana raye."

"Baba da ya fasa tulun nan a kanki."

"Shi ya sa Allah ya ɗauke shi da wuri. Koma ka zauna."

Ya koma, gorarsa a rataye ko buɗe ta bai yi ba. Tun yana yaro haka yake, kamar jakin da aka haifa a coci.

Na zaci Laftanan ne zai duba gorunan a bariki, yaro ne ɗan babban birninmu Asunción da ke goge takalmi sau biyu a rana. Ashe Saje ya aika masa. Da la'asar sakaliya sai ga kurata sittin da biyu a layinmu, sun yi sahu daga ƙofar Saje har gaban shagon mai aski. Mata suka fito, wasu da ludayi a hannu. Aka tallafo Saje da matashin kai biyu a cikin ragarsa. Ni kuwa na tsaya a bakin katangata ina tsefe kai, kamar ba ruwana.

Na farko ya miƙa gora. Saje ya girgiza ta a kunne, ya buɗe, ya kai ta hanci.

 Ban taɓa sanin yana shinshinawa ba. A cikin bariki yake yin abinsa, kuratan kuma sun ɗauka leƙawa yake yi.

"Dama," ya ce, ya nuna masa hannun dama, wurin waɗanda suka ci. Na biyu, "Dama." Na uku ya daɗe da ita a hanci.

"Ruwan durom ɗinmu warin tsatsa yake yi da laka," ya ce. "Yaushe gwamnati ta fara sa mana na'ana'a? Hagu."

Haka aka yi ta tafiya. Ruwa na zuba a ƙirjinsa, yana tari, Ña Petrona na goge masa baki. Laftanan ya ce, "Saje, bari in ƙarasa maka."

"Da wane hancin, ranka ya daɗe? Naka turare ya kashe shi."

Da aka zo kan Anacleto ya girgiza, ya shinshina, ya dube shi.

"Ko murfi ɗaya ba ka sha ba?"

"Ban sha ba, Saje."

"Wauta. Uku na ce. Can in ka ƙi sha sai ka faɗi, a ɗauke gorar a ba wani. Dama."

Goma sha ɗaya nawa suka tsaya hagu, da wasu biyu da suka shanye nasu ba tare da taimakon kowa ba. Dama arba'in da tara. Babu rara, balle a cire masu 'ya'ya. Laftanan ya ce za a cike da wani kofur da ƙafarsa ta warke, ya rubuta, ya rufe littafi.

Saje ya ɗaga murya iyakar abin da ya rage masa.

"Ña Eulogia! Kin gama tsifar?"

Duk layin suka juyo. Matar mai aski har da dafa ƙirji, ita da na rufa wa asiri sau biyu.

Na jira aka tafi da kuratan, sannan na shiga gidan ba sallama.

"Mugu," na ce. "Ƙafarka ɗaya a kabari, ka ja ɗana da ɗayar."

"Zauna, kina tare mini iska."

"Da ka rufe hancin nan na minti biyar me zai rage ka?"

"Yaran nan goma sha ɗaya," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi, "mako shida ina tare da su. Takwas a cikinsu sun iya. Da sun daure har yamma. Ke kika ce su sha."

Na ja kujera na zauna. Ya ci gaba.

"Arba'in da tara da takwas nawa ke nan, malamar lissafi? Da ɗanki na tuƙa amalanken bariki ranar Litinin."

"To ka mayar da su dama, tunda ka san sun iya."

"Na san sun iya jiya. Yau na ga suna sha in wata tsohuwa ta ce su sha. Can babu tsohuwa a bayan shinge." Ya yi tari mai tsawo. "Na taɓa tura wasu don tausayin iyayen wasu. Na san sunayensu. Ba zan ƙara ba ana saura kwana biyu in je in same su."

Ña Petrona ta leƙo daga kicin ta ce, "Me yake cewa? Yunwa?"

"I," na ce mata. "Kawo masa."

Ranar Alhamis ban je ba sai da hantsi, kuma don Fada ya zo ne, ina son in ji ko zai faɗi zunubansa da ƙarfi. Bai faɗa ba. Bayan Fada ya tafi ya kira ni da yatsa.

"Ki gaya wa jakin ɗanki, murfi ɗaya da hantsi, ɗaya da azahar, ɗaya da la'asar. Ya riƙe a baki kafin ya haɗiye. Kada ya ba kowa gorarsa ya riƙe masa, ko Laftanan ne."

"Ka gaya masa da kanka."

"Ni Saje ne, ya riga ya ji daga gare ni. Ke ki dame shi da ita kamar yadda kike damun mutane."

Na dame shi kuwa. Juma'a da safe a bakin kogi, matarsa na kuka, yara na rataye a wandonsa, ni ina bayansa ina cewa hantsi, azahar, la'asar, har ya ce, "Mama, na ji, don Allah." Na cusa masa chipa goma sha biyu a jaka. Jirgin ya yi ƙugi ya juya hanci arewa. Ban iya bambance shi a cikin huluna hamsin iri ɗaya ba, sai na ɗaga wa dukansu hannu.

Da na dawo layinmu na tarar da Ña Petrona zaune a dokin ƙofa tana ɓare masara.

"Barci yake," ta ce. "Tun ɗazu bai yi tari ba."

Na shiga baranda. Yana cikin raga, fuskarsa wajen kogi, baki a ɗan buɗe. Ƙuda ya sauka a goshinsa bai kore shi ba. Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da ɗankwalina, sannan na fito na tsuguna gaban Ña Petrona na yi mata ihu a kunne. Sai da na faɗa sau uku. Daga nan na bi gida gida. Fada ma daga bakina ya ji.

Asabar da azahar aka yi jana'iza. Barikin ya zama fayau, sababbin kurata ba su iso ba, sai masu jinya da 'yan hagun nan goma sha uku. 'Yan hagun ne Laftanan ya turo su ɗauki akwatin, shida shida suna canji, ɗaya na riƙe da hular Saje. Maƙabartarmu tana bayan gari, tafiyar kusan sa'a guda a jan yashi, ba inuwa ko ta tsinke. Na ɗauko tuluna na bi bayan mata, don na san abin da rana za ta yi musu.

Bayan an rufe ramin suka zauna a gindin katangar maƙabarta, rigunansu sun manne da baya. Na sauke tulun a gabansu na cire zanen.

"Ku sha, 'ya'yana. Yau ba gwaji."

Wanda na fara cika wa gora ranar Laraba ya dubi tulun, ya dubi sabuwar ƙasar da aka tara.

"Mun gode, Ña," ya ce. "Sai mun koma."

Suka tashi suka yi sahu ba wanda ya umarce su. Na tsaya har ƙurarsu ta kwanta, sannan na naɗa gammo, matar mai aski ta taya ni ɗorawa. Muka kamo hanyar gari a hankali, ruwan na ɗan fantsalo mini a wuya.